Filin coci da yaran unguwa: amanar da ke cikin hidimar wasanni a Jos

A bayan majami'u da yawa a Jos akwai fili wanda aka saya, ko aka gada tun zamanin Turawan mishan, da niyyar gina makaranta ko sabon ɗakin sujada, amma kuɗin ginin bai taɓa cika ba, har yara suka mai da shi wurin tamaula. Namu ma haka ya faro, da duwatsu bibbiyu a matsayin raga, da ƙwallo ɗaya wadda ta sha zuwa wurin mai gyaran takalmi. Da dattawan ikkilisiya suka lura cewa yaran da ke taruwa a wurin da yamma sun fi masu zuwa makarantar Lahadi yawa, kuma da dama daga cikinsu ba 'ya'yan ikkilisiya ba ne, sai suka ce a kafa kwamiti, a sa wa abin suna hidimar wasanni, ya zama hanyar kusantar mutanen unguwa. Na daɗe a cikin wannan kwamiti, kuma na ga cewa sayen ƙwallo da jesi shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai wuyar shi ne ikkilisiya ta amsa wa kanta tambayar abin da take nema da yaran da ba nata ba, sa'an nan ta iya maimaita amsar a gaban iyayensu ba tare da ta sauya ko kalma ɗaya ba.

Haɗa coci da wasanni tsohon abu ne. Ƙungiyar Everton ta Ingila, wadda yaranmu ke kallo a gidajen kallo, ta samo asali ne a 1878 daga wata majami'ar Methodist mai suna St Domingo, Aston Villa ta fito daga matasan wata majami'ar Wesley a 1874, Southampton kuma ta faro a 1885 a hannun matasan cocin St Mary's. A Glasgow wani ɗan ɗariƙar Katolika, Brother Walfrid, ya kafa Celtic domin tara kuɗin ciyar da 'ya'yan matalauta. Ƙwallon kwando ma a makarantar horar da ma'aikatan YMCA, wato ƙungiyar samari Kirista, ta Springfield a Amurka James Naismith ya ƙirƙiro ta a 1891, domin samari su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. A nan gida kuwa, shekarar 2017 da Plateau United ta lashe gasar Firimiyar Najeriya, ƙungiyar da ta zo ta biyu ita ce MFM ta Legas, wadda coci ne ya kafa ta. Sai dai akwai darasi a cikin wannan tarihi wanda masu ambatonsa kan tsallake: ƙungiyoyin Ingila da na lissafa duk sun rabu da majami'un da suka haife su, domin ƙwallo tana da nata buri, kuma idan ta girma ba ta tsayawa jiran limami. Ikkilisiyar da ba ta san abin da take so ba, za ta wayi gari tana riƙe da kulob, hidimar kuwa ta sulale.

A Jos akwai wani nauyi da waɗancan majami'u ba su ɗauka ba. Wannan gari ne da ƙwallo ta taɓa haɗa kan kowa da kowa. Dattawanmu har yau suna ba da labarin Mighty Jets, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, wadda ta lashe gasar lig ta farko a ƙasar nan a 1972, inda irin su marigayi Ismaila Mabo da Sam Garba Okoye da 'yan gidan Atuegbu suka sa riga ɗaya, 'yan kallo kuma ba su tambayar wane ne ke zuwa masallaci, wane ne ke zuwa coci. Daga wannan ƙasa John Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon suka tashi. Amma tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na ƙarshen Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 a Kabong da Angwan Rukuba, garin ya tsage gida biyu. Mutane sun sayar da gidaje ko sun yi musanya, Musulmi sun tattara a irin su Angwan Rogo da Gangare da Bauchi Road, Kirista a irin su Angwan Rukuba da Gada Biyu da Jenta Adamu. Yaron da aka haifa bayan 2001 yanzu ya isa aure, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Saboda haka idan coci a Jos ya ce zai buɗe filinsa ga unguwa, dole a tambaya wace unguwa, kuma wane uba ne zai bar ɗansa ya tsallaka titin da shi kansa yake ɗar-ɗar da tsallakawa.

A cikin ikkilisiya ra'ayi biyu ne ke ja-in-ja, kuma duka biyun suna da hujja. Wasu suna cewa aikin da aka bar wa ikkilisiya shi ne bishara, don haka duk kuɗin baiko da aka kashe a kan ƙwallo, in bai kawo rai ga Almasihu ba, almubazzaranci ne. Sukan tuna mana da maganar Bulus ga Timoti cewa motsa jiki yana da ɗan amfani, amma ibada tana da amfani ta kowace hanya. Wasu kuma suna cewa ƙaunar maƙwabci umarni ne mai zaman kansa wanda ba ya jiran sakamako, suna kafa hujja da Basamariyen nan na cikin misalin Yesu da ya ɗaure raunukan mutumin da ya tsinta a hanya bai nemi kome a wurinsa ba, da kuma saƙon Irmiya ga waɗanda aka kai bauta cewa su nemi lafiyar birnin da suke zaune, gama a cikin lafiyarsa za su sami tasu. Ban ga laifi ba a ce ikkilisiya ta zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ko ta riƙe su duka. Abin da nake ƙi, kuma na ƙi shi a gaban dattawanmu, shi ne hanya ta uku wadda ba a faɗinta a fili: a gaya wa iyayen unguwa cewa wasa ne kawai, a cikin rahoton da ake aika wa masu ba da tallafi kuwa a riƙa ƙirga 'ya'yansu a matsayin ribar wa'azi. Wannan ƙugiya ce a cikin tsutsa, kuma bangaskiyar da take bukatar ɓoye fuskarta kafin ta kusanci yaro ɗan shekara goma sha biyu ta riga ta ci amanar kanta.

Wata Asabar da safe, cikin sanyin Disamba irin na Jos da ke sa yara yin atisaye da hannuwa a hammata, wani dattijo mai sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada ya zo ya tsaya a bakin filinmu, bai shigo ba. Ɗansa ne golanmu na 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Na je na gaishe shi, muka gaisa sosai, sai ya ce, "Malam, tambaya ɗaya ta kawo ni, ina so ka gaya mini tsakaninka da Allah. Yaron nan idan ya zo nan, me kuke ce masa?" Na ce, "Baba, filin na coci ne, mu kuma Kirista ne, ba mu ɓoye wannan ba. Kafin a fara kowa yana yin addu'a bisa ga addininsa. Ana nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba a cikin ɗakin can, na 'ya'yan ikkilisiya ne, kuma ba a taɓa kiran ɗanka ba. Idan ya tambaye ni abin da na gaskata zan gaya masa, kuma zan gaya maka cewa ya tambaya." Ya yi shiru yana kallon yaron yana tsalle tsakanin sandunan raga, sa'an nan ya ce, "To, in an kira Magariba ka tabbata ya bar wurin nan." Da wannan sharaɗi ɗaya muka rabu, kuma tun daga ranar muke busa usur na ƙarshe da sauran rana. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, kuma tsoron wannan uba ba rashin wayewa ba ne. Ni ma da ɗana ne yake zuwa filin masallaci kullum, irin tambayar da zan je in yi ke nan.

Abin da wannan ganawa ta koya mana shi ne a rubuta kome a takarda ɗaya da Hausa da Turanci, wadda uba ko uwa za su sa wa hannu: wane ne mai filin, me ake yi, me ba a yi, ƙarfe nawa ake tashi, wa za a kira in yaro ya ji rauni. Ba a sa wasa ranar Juma'a da rana, ba a sa shi ranar Lahadi da safe, a watan azumi kuma ana sassauta atisaye ko a ɗage gasa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne iyaye ke dubawa su gane ko ana girmama su, fiye da duk jawabin zaman lafiya da za a yi ranar ba da kofi.

Sai batun yadda ake tsara wasan, inda mu kanmu muka fara da kuskure. A shekarar farko mun shirya abin da muka kira wasan sada zumunci tsakanin matasan cocinmu da wata ƙungiya daga unguwar Musulmi da ke maƙwabtaka da mu, muna ganin mun yi abin kirki. Har zuwa hutun rabin lokaci lafiya lau ne. Bayan an dawo alƙalin wasa ya ba da fenareti wadda ake iya gardama a kanta, sai na ga 'yan kallo sun rabu gida biyu daidai yadda garin ya rabu, kuma kalmomin da suka fara fitowa daga bakunan samari ba na ƙwallo ba ne. Dattawan ɓangarorin biyu ne suka shiga tsakani, aka tashi ba a ƙarasa ba. Laifin namu ne, domin mun ɗauki layin da ya raba garin mun shata shi a tsakiyar fili, muka ce wa yara su yi ta fafatawa a kansa. Daga baya muka koma zuba sunayen dukan yara a cikin kwano ɗaya ana ƙuri'a, kowace ƙungiya ta zama gauraye, sunanta kuma ba na coci ba ne, ba na unguwa ba. Idan mai tsaron bayanka Musa ne kai kuma Bitrus, kuskurensa naka ne, cinsa ma naka ne, kuma wanda ya yi masa keta da kai zai yi rigima.

Masana halayyar jama'a sun daɗe da bayyana dalilin haka. Tun a 1954 Gordon Allport ya nuna cewa haɗa mutanen da ke ƙyamar juna a wuri ɗaya ba ya wadatarwa, sai in suna da matsayi ɗaya, da buri ɗaya, suna aiki tare maimakon gasa da juna, kuma shugabanni suna goyon bayan haɗuwar. Amma ya kamata mu ji iyakar abin, kada mu yi wa kanmu alkawarin da ƙwallo ba ta yi ba. Wata mai bincike, Salma Mousa, ta gwada wannan a arewacin Iraƙi da ƙungiyoyin Kiristoci waɗanda mayaƙan ISIS suka raba da garuruwansu, inda aka ƙara wa wasu ƙungiyoyi 'yan wasa Musulmi, wasu kuma aka ƙara musu Kirista 'yan'uwansu. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka yi wasa da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su watanni bayan gasar, sun kuma fi zaɓen Musulmi ya karɓi kyautar ɗa'a, amma wannan bai sa sun fi zuwa cin abinci a birnin Mosul, inda Musulmi suka fi yawa, ko halartar taron da ya haɗa su da Musulmin da ba su sani ba. Kusa da mu kuma, a Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16. Ra'ayin da samarin ke da shi a kan ɗaya addinin bai sauya ba, amma waɗanda suka yi karatu a aji gauraye sun fi waɗanda aka ware su kaɗai adalci wajen rabon kuɗi da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Abu biyu nake ɗauka daga nan. Na ɗaya, filin coci ba zai warware rikicin ƙasa da sarauta da takardar shaidar ɗan asalin jiha da siyasar Jos ta Arewa ba, kuma faston da ya tsaya a kan bagade ya ce ƙwallo za ta kawo ƙarshen rikicin Filato yana ɗora wa yara kayan da manya suka kasa ɗauka. Abin da fili ke bayarwa ƙarami ne: yaro ya san mutum goma daga can ɓangaren da sunayensu da gidajensu. A garin da jita-jita ta waya kan tayar da unguwa cikin minti kaɗan, ba na raina wannan. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, binciken Kaduna yana nuna cewa tara samari masu addini ɗaya su kaɗai yana iya ƙara musu fifita nasu. Ke nan ƙungiyar da ta ƙunshi 'ya'yan ikkilisiya zalla tana iya yi wa tarbiyyarsu amfani, amma kada a kira ta hidima ga unguwa, domin tana iya ƙara wa katangar tsawo.

Sharaɗin matsayi ɗaya shi ne mafi wuya ga coci, tun da filin nasa ne, ƙwallon tasa ce, usur ma a hannunsa yake. Yaron da ya shigo daga waje baƙo ne, kuma baƙo yakan haɗiye abin da ɗan gida ba zai haɗiye ba. Maganin da muka samu shi ne raba iko da gaske: mataimakin koci ya fito daga cikin Musulmin unguwa, a sa iyaye biyu daga cikinsu a kwamitin ladabtarwa, a sanar da mai unguwa da limami kafin a fara kowace gasa, wani zubin kuma a kai wasan filin makarantar firamare ta gwamnati ko can cikin unguwarsu, domin namu yaran ma su ɗanɗani zama baƙi. Wasu dattawanmu sun ji nauyin wannan, suna tambaya yaya wanda ba ɗan ikkilisiya ba zai sa baki a hidimar ikkilisiya. Amsata ita ce, wanda ya ba ka amanar ɗansa ya riga ya sa abin da ya fi baki.

Koci shi ne ginshiƙin abin duka. Yaro yana ganin fasto sau ɗaya a mako daga nesa, koci kuwa yana ganinsa sau uku ko huɗu, yana jin yadda yake magana in an ci su, yana ganin ko zai rage wa ɗan wasa shekaru domin a ci kofi. Ikkilisiyar da ta yi wa'azin gaskiya ranar Lahadi, ta kuma saka ɗan shekara goma sha tara a gasar 'yan ƙasa da sha biyar ranar Asabar, ta gama koya wa yara abin da ta gaskata. Haka nan batun kare yara, wanda muke jin kunyar tattaunawa a majami'u: kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, kada a yi tafiyar kwana ba da izinin iyaye a rubuce ba, kuma duk wanda za a ba yara a bincika halinsa ko da ɗan gidan dattijon ikkilisiya ne. Ƙasar nan tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, kuma kasancewar abu a harabar coci ba ya cire shi daga ƙarƙashinta.

Kuɗi kuwa kullum ba ya isa, kuma gara a fara da abin da baikon ikkilisiya zai iya riƙewa shekara da shekaru da a fara da jesi masu tsada na ɗan siyasa waɗanda za su ƙare da ƙarewar zaɓe. Abin da ya fi jesi muhimmanci shi ne akwatin magani, da ruwan sha, da ɗan abin da za a ba koci ya hau keke Napep.

Akwai kuma mafarkin Turai. Kowane yaro a filin nan ya san Ahmed Musa a Bukuru ya taso, kuma yana ganin shi ne na gaba. Ba na kashe wa yaro buri, amma wajibi ne a gaya masa cewa waɗanda ke kai wa can 'yan ƙalilan ne ƙwarai, a kuma tsare iyaye daga dillalan bogi masu karɓar kuɗin gona da na gida da sunan kai yaro gwaji ƙasar waje. Shi ya sa muka ɗaure wasa da karatu ko sana'a: wanda ba ya zuwa makaranta, boko ko Islamiyya, ko wurin koyon aiki, ba ya shiga jerin masu wasa ranar Asabar. Wannan doka ta fi wa'azi da yawa tasiri a kan shaye-shaye, domin sa'o'in da ke tsakanin tashi daga makaranta da faɗuwar rana su ne lokacin da ake jan yaro zuwa wiwi da tiramol da maganin tari mai kodin, wanda sai a 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. 'Yan mata kuma har yanzu muna bin su bashi, ko da yake ɗan garin nan ne, Ismaila Mabo, ya kai Super Falcons, ƙungiyar mata ta ƙasa, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999. Idan ana so su zo, sai an samo mace mai horarwa daga zumuntar mata, an ware musu lokaci, an kuma bar kowace ta sa suturar da iyayenta suka yarda da ita.

Abu na ƙarshe da duk mai wannan hidima a Jos ya kamata ya shirya masa shi ne ranar da gari zai rikice alhali yara suna fili. Mun zauna da iyaye da mai unguwa mun tsara shi dalla-dalla tun ana zaman lafiya. In labari ya zo, ana rufe ƙofar harabar, ba yaron da zai fita shi kaɗai, koci yana da lambar wayar kowane gida a cikin littafi ba a waya kaɗai ba, kuma dattawa biyu, ɗaya daga coci ɗaya daga masallaci, su ne za su raka yara har bakin unguwarsu ko su kwana tare da su in hanya ba ta biyuwa. A watan Agusta 2021, da aka kashe matafiya a hanyar Rukuba aka kuma sa dokar hana fita, filinmu ya yi makonni a rufe, ciyawar damina ta rufe layukan da muka shata da toka. Ranar da muka sake buɗewa yara kaɗan ne suka zo, kusan dukansu 'ya'yan ikkilisiya. Sai da ni da mataimakin koci muka bi gida-gida, muna zama a zaure da tsakar gida muna sake amsa tambayoyin da muka amsa a baya, kafin sauran suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma gidaje uku da har yau ba su sake turo 'ya'yansu ba, muna dai zuwa gaishe su duk Sallah.